Gonar Aro a Gaban Alƙali

Litinin, 28 ga Afrilu, 1958, bayan azahar

Yau na kai ƙara Gwarzo. Na rubuta a nan don kada gobe wani ya ce ba haka aka yi ba, domin tun jiya na lura mutanen garinmu Dugabau sun fara yi mini wata irin gaisuwa.

Ni Zailani, malamin ajin yaƙi da jahilci, na kai surukina ƙara. Malam Jibirin. Sau ɗayan nan zan rubuta sunan, daga yanzu sai dai in ce Baba, don ko a takarda nauyinsa nake ji.

Maganar gona ce, gonarmu ta bakin rafi mai ɗorawa uku. Shekarar da aka ɗebe ni aikin kuza a Jos, shekara goma sha huɗu ke nan, mahaifinmu ba shi da mai taya shi noma, idonsa kuma ya fara tafiya, sai ya ba Baba aronta don amininsa ne. Na dawo, na auri Sabuwa 'yar Baba, mahaifinmu ya rasu, ban taɓa buɗe baki na ce a dawo mana da ita ba. Wa zai dubi surukinsa ya ce masa tashi daga gona? Ina da 'yar gayaunata a bayan gida, ina da aji, na yi shiru.

To bana yayata Uwaliya ta dawo daga Malumfashi. Mijinta ya rasu, 'ya'ya huɗu a bayanta, ba ta da inda za ta jefa iri. Sau biyu na tura dattawa wurin Baba. Na farko ya ce a bari azumi ya wuce. Na biyu ya ce, wace gona? Damina kuwa ba jiranmu za ta yi ba.

Alƙali ya ce a ba da sammaci, mu dawo Litinin mai zuwa. Muhuti, wato malamin da ke rubuta shari'a, ya ɗago ya dube ni sau biyu da ya ji wanda nake ƙara. Ban san ma'anar kallon ba, na dai riƙe shi.

Talata, 29 ga Afrilu, bayan la'asar

Aji ya cika yau fiye da kullum. Mutum goma sha tara, har da waɗanda tun kaka ban ga ƙeyarsu ba. Karatu suka zo? Oho.

Darasin da ya faɗo kuwa, cikin ɗan littafin da aka raba mana, na tsarin kotuna ne. Na zana musu tsani a allo da alli. Na ce matakin ƙasa shi ne alƙalin gunduma, irin namu na Gwarzo. In hukuncinsa bai kwanta maka ba, kana da kwana talatin ka ɗaukaka ƙara zuwa birni, gaban Babban Alƙali. Sama da shi Majalisar Sarki. Daga nan sai sabuwar kotun ɗaukaka ƙara ta Musulmi a Kaduna, sai Babbar Kotu ta masu hular gashi, sai kotun Ikko, babban birnin ƙasa, sai can Ingila, nan ne ƙarshe. A gefe na zana Di'o, Baturen mulki, na ce shi ba mataki ba ne, amma yana da ikon buɗe littafin kowane alƙali ya duba. Na ce kotun majistare daban take, dokar Turawa ake bi, lauya na tsaya wa mutum. Gaban alƙali kuwa lauya ba ya shiga, kai za ka yi maganarka da bakinka.

Sai Gali mahauci ya ɗaga hannu daga baya ya ce, "Allah gafarta Malam, to wanda ya kai surukinsa ƙara fa, a wane mataki ake ajiye shi?"

Aka kwashe da dariya. Na ce masa ya fara koyon rubuta sunansa tukuna. Amma na san ba daga kansa tambayar ta fito ba, Gali bai kai nan ba. Turo shi aka yi.

Alhamis, 1 ga Mayu, da hantsi

Sabuwa ta ce za ta je gai da Innarta. Ran Lahadi fa ta je. Yaushe gaisuwa ta koma kwana huɗu-huɗu? Na bar ta ta tafi, amma na ɗauke littafin nan daga ƙarƙashin tabarma na sa a aljihu. Ba ta iya karatu ba, na sani. Akwai waɗanda suka iya a gidansu, ni na koya musu da hannuna.

Asabar, 3 ga Mayu, bayan azahar

Yaya Uwaliya ta same ni a zaure ina faci a tayar keke. Ta ce, "Zailani, jibi da ni za a je."

Na ce, "Haba Yaya, ina da rai ki je ki tsaya gaban alƙali? Me mutane za su ce? Ni na san dokar nan ciki da bai, ni nake koyar da ita."

Ta ce, "Doka ka sani, na yarda. Mutumin nan fa, ka taɓa haɗa ido da shi?"

Na ce kotu daban, zaure daban.

Ta yi tsaki ta tafi. Ita ma ban san wanda ke zuga ta ba. Ta dai ce mini hatsin da ta zo da shi daga Malumfashi bai fi na wata biyu ya rage ba.

Litinin, 5 ga Mayu, bayan la'asar

Alhamdu lillahi. Yau na ga amfanin karatu.

Da aka kira mu, alƙali ya ce mu zauna a gabansa kafaɗa da kafaɗa, don a wurin shari'a babu babba babu yaro. Ni kuwa ƙafata da kanta ta kai ni bayan Baba kaɗan, na tsuguna. Sai da ɗan doka ya zo ya matso da ni. Rigata ta taɓa tasa. Shekara tara da aure ban taɓa zama kusa da shi haka ba, gumi ya rufe ni kamar wanda ya wuni yana huɗa.

Na faɗi ƙarata, kaina a ƙasa. Alƙali ya juya ya tambayi Baba. Baba ya ce, "Allah gafarta Malam, gona ta ubansa ce, ban musa ba. Amma sayar mini ya yi, ba aro ba ne."

Alƙali ya gyara zama ya ce, "To Malam, magana ta juya. Yaron nan ne ya kawo ƙara, amma tun da ka amsa asalin gona tasu ce, ka kuma ce ta fita daga hannunsu ta shiga naka, kai ne mai da'awa yanzu. Mai da'awa shi ke kawo shaidu. Ka kawo biyu adalai waɗanda aka yi cinikin a gabansu. In ka rasa, sai shi ya rantse, gona ta koma."

Baba ya ce ai shekara goma sha huɗu yana nomanta ba wanda ya ce uffan. Alƙali ya ce shirun da ke tsakanin surukai ba a saurin ƙirga shi, kowa ya san abin da ke kawo shi.

An ba shi mako guda. Na fito kamar in yi tsalle. Abu ɗaya dai ya tsaya mini a rai: a bakin ƙofa na ga muhuti ya miƙa wa Baba hannu, sun daɗe suna gaisawa, har da tambayar iyali. A ina suka san juna?

Laraba, 7 ga Mayu, bayan azahar

Sabuwa ta ajiye mini fura, maimakon ta tafi sai ta tsaya tana juya faifai a hannu. Ba ta dube ni ba ta ce, "Lukuman da Sanusi Soja za a kai shaida."

Na ce, "Wa ya tambaye ki?"

Ta ce, "Ba kowa. Lukuman a gidanmu yake ci yake sha tun ina yarinya. Sanusi kuwa, shekarar da aka ba da gonar yana can ƙasar Bama wurin yaƙin duniya. Na san wannan, don a gidanmu matarsa ta yi zaman jiransa." Ta ɗauki faifanta ta fita.

Na daɗe ina juya maganar. 'Ya ta tona wa ubanta asiri haka kawai? A'a. Ko dai aiko ta aka yi don in shirya wa waɗannan biyun, ran Litinin a fito mini da waɗansu daban. Na sha furar, amma sai da na sansana ta tukuna.

Alhamis, 8 ga Mayu, kafin magariba

Na hau keke na tafi Kabo wurin wani malami da ya karanta fiƙihu, na yi masa tambayar kamar ta wani ce ba tawa ba. Ya ce bara mai ci a hannun mutum, shaidarsa ga ubangidansa ba ta tsayawa. Wanda kuma ba ya gari, yaya zai shaidi abin da bai gani ba? Ya ce amma in kula, alƙali ba ya bin gari yana tonon asirin shaidu. In sun gama, zai juyo ya tambayi wanda aka yi shaida a kansa: kana da suka a kansu? Kana da sauran magana? Wannan tambaya ita ake kira i'izari, hukuncin da aka yanke ba a yi ta ba rusasshe ne. Ya ce mai magana nan ne wurin da zai yi ta.

Da zan tafi ya ce, "Ka gai da mai tambayar." Yana murmushi. Har Kabo labari ya zo ke nan.

Maganar Sanusi kuwa gaskiya ce. Na tarar da shi a tasha yana ba 'yan kamasho labarin Bama, kamar yadda ya saba. Na tambaye shi kamar da wasa yaushe aka sallame su. Ya ce shekara biyu bayan an daina ɗibar mutane kuza. Da bakinsa ya faɗa, har yana buga ƙirji.

To in gaskiya Sabuwa ta faɗa mini, me take nema?

Asabar, 10 ga Mayu, da hantsi

Na tsara abin da zan faɗa na haddace. "Allah gafarta Malam, ina da suka. Lukuman baran gidan ne. Sanusi yana Bama." Magana uku kacal. Na faɗa wa tsamiyar bayan aji sau ya fi ashirin, ko gargada babu.

Lahadi, 11 ga Mayu, bayan azahar

Baba ya aiko mana da cinyar rago, wai suna aka yi a gidan ƙanensa. Ana gobe shari'a! Na ce a kai wa 'ya'yan Yaya. Ita kuma ta dawo da ita.

Litinin, 12 ga Mayu, kafin magariba

An ba Baba gona.

Talata, 13 ga Mayu, bayan la'asar

Ban buɗe aji ba. Na aika na ce kaina ke ciwo, kuma da gaske ne.

Yaya ta zo sau biyu. Na ce mata an haɗa baki. Ta ce su wa? Na ce za ki ji. Ta ce, "Shaidun nan biyu da ka ce ka gama da su, su aka kawo?" Na ce su ne. Ta ce, "To?" Na ce, "Yaya, shari'a ba yadda kike zato take ba, tana da hanyoyi." Ta tsaya tana kallona har na tashi na shiga ɗaki.

Laraba, 14 ga Mayu, da hantsi

Muhutin nan. Tun ran farko na faɗa. Alƙalaminsa bai tsaya ba ko lokacin da ba mai magana. Me yake rubutawa? Abin da aka faɗa, ko abin da aka ce ya rubuta?

Alhamis, 15 ga Mayu, bayan azahar

Na tare Sabuwa a bakin madafa. Na ce, "Duk abin da na shirya, a gidanku an riga an sani. Wa ke kaiwa?"

Ta ajiye muciya ta ce, "Malam, ka ji tsoron Allah. Ubana na saɓa wa saboda kai. Innata ta daina amsa gaisuwata. Na damƙa maka abin da za ka faɗa a hannu. Ka faɗa?"

Ba kowace tambaya ake amsa wa mace ba. Amma wa ya gaya mata abin da aka yi a Gwarzo? Ba ta je ba. Ka ga abin da nake faɗa.

Asabar, 17 ga Mayu, da hantsi

Abin da ke ɗaure mini kai shi ne gaisuwar mutane. Na zaci dariya za a yi mini. Ina! Mai unguwa ya tsayar da ni a ƙofar masallaci, ya kama hannuna da hannu biyu ya ce, "Malam Zailani, Allah ya yi maka albarka. Boko bai ɓata ka ba." Wani tsoho ya ce yanzu ya tabbata ni ɗan mutunci ne. Gali ma, Gali fa, ya ƙunso mini tsire ya ce ya janye tambayarsa.

Wannan wane irin salo ne? An karɓe mana gona ana sa mini albarka. Shiri ne, so suke su shafa mini mai a baki kada in ɗaukaka ƙara. A duk garin nan mutum biyu ne ba sa yi mini fara'a, Yaya da Sabuwa.

Litinin, 19 ga Mayu, bayan la'asar

Na buɗe aji. Tsanin da na zana yana nan a allo, ba wanda ya goge. Na tsaya na ƙirga matakan, bakwai, na Gwarzo shi ne na ƙasa duka. Shida a samansa. Raina ya ɗan yi sanyi. Ko an saye ɗaya, ai ba za a saye shida ba.

Kwana bakwai sun tafi cikin talatin. Na aika a yi mini kofen shari'a, an ce ran Alhamis. Da shi zan kama muhuti. In na sami kalma ɗaya da ba a faɗa ba, ko birni ba zan fara zuwa ba, Di'o zan tare a hanya ran da ya fito rangadi.

Laraba, 21 ga Mayu, kafin magariba

Hadari ya haɗu a gabas ya watse. Yaya ta ce ta bi ta bakin rafi, ta ga an share gonar tas, jakuna na kai taki. Ta ce, "Yau na auna hatsi, na koma girki sau ɗaya a rana." Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Alhamis, 22 ga Mayu, bayan la'asar

Na je Gwarzo karɓar kofe. Da shirin faɗa na tafi, har na tanadi abin da zan ce in na kama inda aka canja.

Muhuti ya shimfiɗa mini tabarma ya sa aka kawo ruwa. Dattijo ne ashe, yau na dube shi sosai. Ya miƙo mini takardar ya ce in karanta a gabansa, in na ga gyara in nuna.

Na karanta. Ƙarata tana nan yadda na faɗe ta. Maganar Baba tana nan. Shaidar Lukuman, shaidar Sanusi. Na bi layi-layi da yatsa, ban sami ko ɗigo da aka ƙara ba. Sai na zo ƙarshe: an yi wa Zailani i'izari sau uku, ya ce ba shi da suka, ba shi da sauran magana.

To. Kwana goma ina kewaye wurin nan, yau zan rubuta.

Ran shari'ar, da shaidu suka gama, alƙali ya juyo ya ce, "Zailani, kana da suka a kan waɗannan?" Maganata uku tana bakina. Na ɗago. Sai Baba ya ɗan juyo wajena, a hankali, ba da faɗa ba, ya ce, "Faɗi mana, ɗana. In ƙarya na shirya, faɗi a gaban mutane."

Kakan 'ya'yana. Mutumin da ya ba ni 'yarsa lokacin da riga ɗaya gare ni. Ga furfurarsa dab da fuskata. In na ce Sanusi yana Bama, na ce Baba ya zo gaban shari'a da ƙarya ke nan, kuma daga bakina, yana zaune yana ji. Na ji bakina ya ce, "Babu, Allah gafarta Malam."

Alƙali ya sake tambaya. Na ce babu. Ya ajiye carbinsa ya ce, "Yaro, yi tunani. In kana son in ba ka kwana bakwai ka je ka dawo, zan ba ka." Na ce babu. Wallahi har ƙara sunkuyawa na yi na ce na gode.

Muhuti ya jira na ajiye takardar. Sannan ya ce, "Malam Zailani, duk wanda ke zauren nan ran nan ya san Sanusi, ni ma na san shi. Amma alƙali ba ya hukunci da abin da ya sani a cikinsa, sai da abin da aka faɗa a gabansa. Sau uku ya buɗe maka ƙofa."

Na ce zan tafi birni. Ya ce hakkina ne, kwanakina ba su cika ba. Ya ce, "Sai dai ka sani, takardar nan ita za ta riga ka zuwa. Birni ita za a karanta, Kaduna ita, Ikko ita. Di'o ma in ya buɗe littafi ita zai gani. Abin da suke nema shi ne inda alƙali ya kuskure. In kuma an tausaya maka an ce a sake shari'a, kusa da shi za a sake zaunar da kai, a sake yi maka tambayar nan. Za ka iya?"

Na naɗe takardar na sa a aljihu.

Har na miƙe ya ce, "Ku nawa mahaifinku ya bari?" Na ce mu biyu, ni da yayata. Ya ce, "Ta wakilta ka a gaban shaidu?" Na ce a'a, ni dai na zo. Ya ce, "To hukuncin nan a kanka ya faɗa, kai da rabonka, kashi biyu cikin uku. Ita ba a ji ta bakinta ba, ba a yi mata i'izari ba. Kasonta na nan."

Na tambaye shi inda ya san Baba. Ya ce bai san shi ba, dattijo ya gani ya gaisar.

Juma'a, 23 ga Mayu, bayan an sauko daga masallaci

Na faɗa wa Yaya duka. Tana surfe, ta tsayar da taɓarya.

Ta ce, "Sau uku?"

Na ce sau uku.

Ta ce, "Kuma ka bar ni kwana goma sha ɗaya ina zagin alƙali a raina, ina hararar matarka. Kai, Zailani! Tir." Ta ci gaba da surfenta, har na zaci ta gama da ni. Can ta ce, "Shi surukinka ne. Ni ba abin da ya haɗa ni da shi sai gonar ubana. Faɗa mini maganar nan uku."

Na faɗa. Ta maimaita sau ɗaya ta riƙe.

Ta ce, "Kai kuma ka zauna a gida. Kada ka biyo ni, kada in juya in gan ka a tsugune."

Asabar, 24 ga Mayu, da safe

Na so in ba Sabuwa haƙuri. Na tsaya bakin madafa na ce mata tuwon jiya ya yi daɗi. Ta ce jiya dambu aka yi.

Litinin, 26 ga Mayu, bayan la'asar

Yaya ta shiga motar Gwarzo da sassafe ita kaɗai, ta je ta kai tata ƙarar. An ba da sammaci, ran Alhamis.

Alhamis, 29 ga Mayu, kafin magariba

Ban je ba. Gali ya je Gwarzo neman awaki, ya leƙa, shi ya kawo mini labari tun kafin Yaya ta iso.

Ya ce, "Malam, yayarka ba dama." Ya ce an sake kawo Lukuman da Sanusi, sun sake faɗar abin da suka faɗa. Da alƙali ya yi mata tambayar, Baba ya juyo ya ce, "Faɗi mana, 'yata." Ta ce, "Zan faɗa kuwa, Malam." Ta dubi Sanusi ta ce ya fito da takardarsa ta sallama daga soja, ai kullum tana aljihunsa yana nuna wa mutane. Tana aljihun kuwa. Muhuti ya karanta shekarar da ƙarfi. Lukuman ko jira bai yi a tambaye shi ba, ya ce shi dai a gidan yake ci, aka ce zo, ya zo.

Alƙali ya zubar da shaidar duka biyun. Yaya ta yi alwala ta rantse ba ta san mahaifinmu ya sayar da gona ba. An ba ta kashi ɗaya cikin uku. Ta tambayi sauran. Alƙali ya ce wannan hukunci ya riga ya wuce, mai shi ya san hanyar birni.

Gali na ba ni labari yana dariya. Na duba fuskarsa da kyau ko da wata manufa. Babu, daɗi kawai ya ji.

Asabar, 31 ga Mayu, bayan azahar

Mai unguwa ya je da igiya ya raba, aka jera duwatsu a iyaka. Ɗorawa ɗaya ta faɗo wajen Yaya, biyu wajen Baba. Yau mai unguwa bai kama hannuna ba, amma ya ce wa mutane ni dai na fita kunyar surukina, mata su ne ba su da ta ido.

Saura kwana goma sha ɗaya. Kofe na aljihuna. Na ba keke iska.

Lahadi, 1 ga Yuni, bayan la'asar

Ruwa ya sauka, mai yawa. Gobe shuka.

Litinin, 2 ga Yuni, da hantsi

Mun fita da sassafe, ni ina sara da sungumi, Yaya na bina tana jefa iri tana rufewa da ƙafa. Rana ba ta ko yi zafi ba muka kai ga duwatsu. Na tsaya ina duban baya, ina neman inda muka tsallake. Babu. Iyakarta ke nan, a gonar da mahaifinmu ke kwana uku yana shukawa. Fiye da rabin irin ya rage a ƙwarya. Ko damina ta yi kyau, abin da zai fito a nan ba zai kai baki biyar bazara ba. Ita ma ta sani.

Na ce, "Yaya, saura kwana tara. Gobe zan shiga birni."

Ta ɗora ƙwaryar a ka ta ce, "Ba za ka je ba, Zailani. Bar wahalar da bakinka." Ta nuna da haɓa. "Ga surukinka can gindin ɗorawa, tun ɗazu yake kallon nan. Je ka gaishe shi, kada a ce ba ka da kunya."

Na ce wallahi ba zan je ba. Ta juya ta kama hanyar gida.

Sai Baba ya ɗaga mini hannu.

Na ajiye sungumi. Na tsallake duwatsun, tun daga nesa na tuɓe takalmi, na durƙusa cikin gonar ubana na ce, "Baba, ina kwana? Ya ruwa?"

Ya ce, "Ruwa ya yi gyara. Ya iyali?"

Na ce lafiya lau.